Kuskuren makera kudi ne, tabon madara asara: yadda ake yiwa kwandala maki

Dauki kwabo biyu na zamanin Turawa, irin mai huda a tsakiya dinnan da tauraro mai tsini shida da rubutun larabci a jiki. Na farko hudarsa ta kauce, bata zauna a tsakiya ba har ta dan ci rubutu. Na biyu hudarsa ta tsakiya lafiya lau take, sai dai akwai wata yar karamar huda a gefe da wani bawan Allah yayi da kusa don a rataya wa yaro a wuya. Ni da kai idan muka kalla cewa zamuyi duk nakasa ce. Amma wajen masu tara tsabar kudi na farkon yafi lafiyayyen kwabo tsada nesa ba kusa ba, na biyun kuwa ya fadi warwas, ko kyauta ka bawa wani sai yayi maka kara zai karba. Karfe daya, shekara daya, huda ce a nan huda ce a can, to meye ya raba su?

Lokaci ne ya raba su. Duk wannan harka ta yiwa kwandala maki, wadda a Amurka ta zama babbar kasuwa mai kamfanoni da gidajen gwanjo da rigingimu, akan tambaya daya ta tsaya: yaushe abin ya samu kwandalar, kafin ta fito daga injin bugawa ne ko bayan ta fito? In a cikin makerar gwamnati ya faru sunansa kuskuren bugu kuma ana biyansa. In bayan ta fito ne sunansa lalacewa. Da ace nan maganar ta tsaya da sauki, amma akwai tabo, shi kuma tabo yaki yarda ya zauna a bangare daya, zamu zo kansa.

Bari mu fara da makin kansa. Ma'aunin da ake amfani dashi daga 1 ne zuwa 70, wani Ba'amurke William Sheldon ne ya kawo shi a 1949, kuma abin dariya ba don duk kwandaloli yayi shi ba, don tsoffin manyan sentin jan karfe na Amurka yayi, lissafinsa wai mai maki 70 kudinta ya ninka na mai maki 1 sau saba'in. Wannan lissafin tuni ya mutu amma lambobin suka rayu, kungiyar masu tara tsaba ta Amurka ta dauke su a shekarun 1970 ta shimfida akan kowace kwandala. Maki 1 shine wadda ta sude kaf sai da kyar ka gane ko wace ce. Daga 50 zuwa 58 ta dan shiga hannu kadan. Daga 60 zuwa 70 ana sa mata MS a gaba, ma'ana bata taba yawo a kasuwa ba, yadda ta fito daga makera haka take. Sai kamfanonin bada maki suka shigo, PCGS a 1986, NGC a 1987, ka aika musu kwandalarka ka biya, mutum biyu ko uku su duba kowa ya bada nasa makin, babba ya tabbatar, a rufe ta a gidan roba mai haske da takarda a sama dauke da lamba. Daga nan kuma lambar ake saye ake sayarwa, wani ma bai taba ganin kwandalar da idonsa ba ya tura kudi.

Abinda mutane basu cika ganewa ba shine daga 60 zuwa 70 ba sudewa ake aunawa ba tunda babu ita. Ana duba yawan kwarzane da ta samu daga yan uwanta a cikin buhu, da kuma inda kwarzanen ya fada, don na kan kunci yafi na cikin gashi zafi tunda ido can yake fara sauka. Ana duba ko bugun ya fito sosai. Ana duba sheki, wato wani haske da yake zagayawa kamar kafar keke idan ka karkata kwandalar a karkashin fitila, wanda yake fitowa daga wasu siraran layuka da karfe yake yi lokacin da ya malala a karkashin hatimi. Sai na karshe wanda shine uwar rigima, wato ko ta yiwa ido kyau. Wannan ba ma'auni gare shi ba, ra'ayi ne. Shi yasa zaka ga mai maki 58 da tafi mai 61 kyau sosai, ta farkon tsaf take sai dan gogewa kadan a saman kunci, ta biyun kuwa bata taba shiga aljihu ba amma fuskarta kamar an yi dambe da ita. Ni dai 58 din zan dauka, amma takarda cewa tayi 61 ce babba.

To yanzu kuskure. Yadda ake buga kwandala ba wuya a fahimta: ana yanko faifan karfe fari fat ba komai a jiki, a saka shi tsakanin hatimi biyu na sama da na kasa, akwai zobe da yake rike gefensa kada ya bazu, inji ya danna da karfin tsiya, shikenan. Saboda haka kuskure ko dai daga faifan ne, ko daga hatimin, ko daga dannawar.

Na faifai shine wanda yafi kowanne labari. A 1943 Amurka tana cikin yakin duniya na biyu tana bukatar jan karfe don harsashi da wayoyi, sai aka koma buga senti da bakin karfe mai rufin tutiya. Wasu tsirarun faifan tagulla na 1942 suka makale a cikin kwandunan makera suka bi layi aka buga su da shekarar 1943. Wadanda aka sani basu fi yan ashirin da wani abu ba. Guda daya tak aka sani daga makerar Denver, an sayar da ita dala miliyan 1.7 a 2010, sannan a 2021 aka sake kaita gwanjo ta tashi a dala dubu 840. Kaga ko a nan, kwandala daya, maki daya, amma rabin kudin ya tafi, don haka masu cewa wannan harka bata faduwa su dan sassauta. Jabunta kuwa kamar kasa, wasu su shafe ta bakin karfen da ruwan jan karfe, wasu su dauki ta 1948 su kankare rabin 8 ta koma 3. Ta farkon mayen karfe kawai zai tona mata asiri don tagulla bata kama shi, sannan sikeli, ta gaske giram 3.11 ce ta bakin karfe kuwa 2.7.

Na hatimi kuma sai an nutsu. Shi hatimin ma buga shi ake yi daga wani uban hatimi, kuma a da sai an danna fiye da sau daya ana gasa shi a tsakani. In aka dan karkace a dannawa ta biyu sai zanen ya fito biyu a jikin hatimin, kuma duk kwandalar da ya buga haka zata fito da wannan ninkin sak. Shine abinda ya faru da sentin 1955 a Philadelphia, wanda shekarar da rubutun suka fito biyu baro baro ko ba tabarau zaka gani. An gano kuskuren bayan kusan dubu 20 zuwa 24 sun riga sun cakude da miliyoyin lafiyayyu, aka ce a barsu su tafi. Da yawa a cikin kwalin sigari aka same su, don lokacin injin sayar da sigari baya bada canji, sai a cusa senti biyu a cikin ledar kwalin. Yau ko wadda ta sha hannu tafi dala dubu. Amma fa akwai wani ninkin na daban da yake yaudarar sababbin shiga kullum, wanda hatimi yake dan girgiza lokacin dagowa ya shafi gefen rubutu, shi a kwance yake kamar matakala kuma rage kaurin harafin yake yi maimakon ya kara, wannan ko sisi baya karawa. Kusan duk hoton da zaka ga mutum ya saka a Facebook yana murna wai ya tsinci ninki, to wannan ne.

Akwai ta 1937 daga Denver, mai senti 5 da hoton bauna, inda ma'aikaci ya goge hatimi da ya samu rauni har ya goge kafar gaba ta baunar, ta fito da kafa uku. Masu jabu sukan kankare kafar lafiyayya, amma ta gaske tana da wasu digo digo da suka taso a karkashin cikin baunar kamar, ayi hakuri, tana fitsari, kuma da wannan ake gane ta. Akwai kuma wadda ake kira alfadari, wato an hada hatimin wata kwandala da na wata daban. A 2000 aka samu fuskar kwata, wato mai senti 25, mai hoton Washington da bayan dalar Sacagawea a kwandala daya, wajen ashirin aka sani, daya ta kai dala dubu 192 a gwanjon 2018. Ingila ma tayi nata a 2008 da ta canza zane, ta hada sabon baya da tsohuwar fuska a kan kwandala mai peni 20, sai kwandalar ta fito ba shekara ko ta ina. Amma ita da yake ta fito da yawa, kasa da dubu 250 inji makerar, kudinta bai wuce wajen fam 50 ba. Haka dalar Washington ta 2007 da aka manta ba'a buga mata rubutun gefe ba, da farko daruruwan daloli ake sayenta, da aka ga dubbai suna ta bullowa sai farashi ya zube. Kuskure shi kadai ba kudi bane, sai ya hadu da karanci da kuma masu so.

To ta yaya ake bawa abinda ya fito a karkace maki? Nan ne mutane suke rudewa. Kwandalar da faifanta ya zame aka bugi rabinsa rabi kuma fari ba komai, tana iya samun MS64 ko 65 hankali kwance, saboda mai duba baya tambayar ko ta cika, tambayarsa me ya same ta bayan bugu. Sai a rubuta irin kuskuren a takarda, ace ta kauce kashi 40 cikin dari misali, a bada maki akan sheki da kwarzane kamar kowa. Kasuwa kuma sai ta dora nata, wadda shekara ta fito a jikinta tafi wadda shekarar ta fada waje tsada. Faifan da inji ya gutsure gefensa tun wajen yanka shima haka, kuma akwai hanyar gane na gaske, bakin da yake daura da gutsuren ta daya bangaren yakan fito a raunane saboda injin da yake tada bakin faifai kafin bugu bai samu abinda zai tokara ba. Wanda aka yanka da almakashin karfe a gida bashi da wannan.

Amma ga inda dokar ta fara lankwasa. Maiko ya toshe hatimi harafi daya ya fito dishi dishi, wannan a makera ya faru ko ba haka ba? Amma ba wanda zai biyaka, maki ma zai rage maka don ya bata kyau. Maikon nan dai ya toshe rabin fuska gaba daya, sai ya zama kuskure mai takarda mai kudi. Dan bawo ya tashi a jikin faifai, aibi ne, har kamfani na iya kin bada lamba. Bawon ya tsage kwandalar gida biyu kamar an bare gyada, sai a shiga layin saye. Wato karamin kuskure aibi ne babba kuma dukiya, kuma ba wanda ya taba zana layin da ya raba su, ido ne da al'adar kasuwa. A daya gefen kuma tsoffin azurfar Amurka na shekarun 1790 zaka gansu da karce karce kamar an ja su a kasa, ashe ma'aikatan makera ne suke goge faifan da yayi nauyi da magagari kafin bugu don ya dawo daidai awo, wannan karcen ba'a hana shi lamba. Layukan da suka zo daga goge hatimi tasowa suke yi sama, wadanda suka zo daga tsumma kuwa nutsewa suke yi ciki, a hoto kusan iri daya ne amma tsakaninsu akwai kudi mai yawa.

Idan kwandala ta fada bangaren lalacewa, wato an wanke ta da karfi, ko an huda, ko tsatsa ta ci, ko an rina ta, kamfanonin basa bata lamba kwata kwata. Zasu tabbatar ta gaske ce su rufe ta su rubuta matsalar a takarda, kuma wannan rubutu kadai yana iya cinye rabin kudin ko fiye. A da ma dawo maka da ita suke yi a leda ba gida, kudin dubawarka kuma ya tafi.

Yanzu tabo. Ba iri daya bane ko kadan kuma kowane karfe da nasa ciwon.

Jan karfe shine mai saurin fushi. Sabo ja yake, iska tana taba shi yana komawa ruwan kasa, shi yasa bayan lamba ake kara masa haruffa, RD in har yanzu ja ne kusan duka, RB in rabi da rabi, BN in ya rine. Lamba daya amma RD na iya ninka BN sau da yawa. Sai kuma wasu bakaken digo kamar kashin kuda da suke fito masa, yawanci daga yawu ne, mutum yana rike da kwandala yana surutu ko yayi tari, dan feshin da ido baya gani ya sauka, bayan wata shida ya zama baki kuma ya ci cikin karfen, ko an cire sai ya bar rami. Shatin yatsa ma haka, gishiri da maikon hannu suna zama daram. Kamfanonin da kansu sun gane basu iya rike jan karfe, shi yasa garantin da suke bayarwa akan launinsa ko dai yana da wa'adi ko ma babu.

Zinare baya tsatsa amma zaka ga jajayen digo a jikin tsoffin kwandalolin zinaren Amurka, saboda kashi 90 ne zinare sauran 10 akasari jan karfe, inda hadin bai gauraya sosai ba sai jan karfen ya nuna kansa. Masu duba basu cika tsananta wa wannan ba in ba yayi yawa ko ya zauna a kan fuska ba, wasu tsoffin hannu ma son shi suke don shaida ce ba'a taba wanke ta ba. Akwai kuma wani kore mai danko da yake fitowa daga tsohuwar ledar ajiya mai laushi, wannan in an yi sauri ana narkar dashi da wani ruwan sinadari mai suna asiton ba tare da an taba karfen ba, in an bari kuwa sai ya huda fatar.

Azurfa ce mai abin mamaki. Tana haduwa da kibiritun da yake cikin iska ko takarda ko buhu sai wata siririyar fata ta hau kanta, kuma gwargwadon kaurin fatar haka launi yake canzawa, daga ruwan zinare zuwa ja zuwa shudi zuwa kore har ya kare a baki. A kimiyyance lalacewa ce, bayan bugu ta faru, bisa dokar da muka fara da ita kamata yayi ta rage kudi. Amma tsoffin dalolin azurfa da ake kira Morgan da suka kwashe shekaru aru aru a buhunan zane a rumbun baitulmalin Amurka, wadanda suka jingina da buhun suka fito da launin bakan gizo, ana biyansu ninkin ba ninkin. Da aka ga haka sai yan dabara suka shiga dafa nasu da zafi da sinadarai, kamfani kuma in ya zargi launin sai ya hana lamba. To wanda ya saka kwandala a tsohuwar ambulan da gangan ya ajiye a taga shekara biyar, nasa na Allah ne ko na hannu? Sinadarin daya ne. Niyya ake hukuntawa, kuma niyya bata fitowa a madubin kara girma.

Sai uban gayya, tabon madara. Wannan sababbin kwandalolin azurfa zalla yake kamawa, irin mikiyar Amurka da aka fara a 1986 da mai ganyen Kanada da aka fara a 1988, wasu fararen tabo kamar nono ya diga ya bushe, ko kace kyasbi a fuskar yaro. Abinda aka fi dangantawa dashi shine ragowar ruwan wankin faifai da bai dauraye ba kafin a gasa a buga, sai ya kone ya zama daya da fatar karfen. Kaga kenan a makera aka shuka shi. Amma baya fitowa ranar, sai bayan sati ko wata ko shekara, wani lokacin bayan an riga an bata 70 an rufe ta a roba. To wannan kuskuren bugu ne ko lalacewa? In ka bi asali na makera ne, kamata yayi a biya shi kamar kafar bauna. In ka bi lokacin bayyana na baya ne. Kasuwa dai ta yanke nata hukuncin ba tare da ta damu da mantiki ba: muni gare shi, kuma yayi yawa, saboda haka asara ne. Wanda ya kara tabbatar min cewa waccan doka ta kafin bugu da bayan bugu rabin gaskiya ce, sauran rabin shine me ido yake so kuma guda nawa ne a duniya.

Abin yafi ciwo a sababbin kwandaloli saboda duk kudin yana tsakanin 69 da 70 ne. Mai 69 kusan kudin azurfarta ne da dan kari, mai 70 wadda NGC ke cewa ba'a ganin wani aibi a jikinta ko an kara girmanta sau biyar, a wasu shekarun tana ninka ta sau da yawa. Mutum ya biya kudin 70, ya ajiye a akwati, ya bude bayan shekara biyu ya tarar da digo uku a kan fuska. Takarda har yanzu 70 take cewa, amma duk mai saye da yake da ido kudin 69 zai taya ko kasa. Ya koma wajen kamfani suce garantinsu bai shafi abinda ya fito bayan rufewa ba, kuma in ka duba suna da hujja, ranar da suka gani babu shi. Gidan robar ma ba ya hana iska shiga dari bisa dari. PCGS har tayin dala dubu 50 ta taba yi ga duk wanda ya kawo hanyar cire tabon ba tare da ya bata kwandalar ba. Makerar Kanada, wadda tafi kowa shan zagi akan wannan, sai a 2018 ta fito da wata kariya da ta kira MintShield, kuma ko ita ragewa tace tana yi. In dai don nauyin azurfa ka saya to tabon bai dame ka ba, awo daya ne kudi daya. Wanda ya sayi lamba shine yake kwana da zullumi.

Kuma ita lambar kanta ba wahayi bace. Akwai masu sana'ar fasa gidan roba su sake aikawa, sau uku sau biyar, har ranar da za'a dace 64 ta zama 65, tsoffin takardun kuma ba'a mayarwa, sai kididdigar kamfani ta nuna guda goma alhali kwandala hudu ce take ta zagaye. Abin ya kai a 2007 aka bude wani kamfani CAC wanda aikinsa a lokacin shine ya duba makin da wadancan suka bayar, in ya gamsu ya manna koren sitika. Mai duba masu duba kenan, kuma sitikar ma kara kudi take yi.

Mu dawo gida, don nasan wani yana karantawa yana tuna gwangwanin kaka. Su anini da dari da kwabo da taro da sisi da sule na Afirka ta Yamma akasari a Ingila aka buga su, in kaga karamin H to Heaton ne a Birmingham, KN kuma King's Norton. Aninin farko na 1907 da alminiyam aka yi shi, yana cikin na farko a duniya da aka yi da wannan karfe, amma bai jure yanayinmu ba aka canza karfen a 1908, shi yasa samun mai tsabtar fata ba farin ci a jiki yake da wuya. Na 1936 masu sunan Edward na takwas, sarkin da ya sauka kafin shekara ta kare, mutane suna dauka dukiya ce tunda Ingila kanta bata fitar da kudi da sunansa ba, amma namu an buga su da yawa, araha ne, sai dai in ka dace da alfadarin da aka hada da hatimin Afirka ta Gabas. Dalar azurfa mai hoton Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, da iyayenmu mata suke ado da ita, duk 1780 zaka gani a jiki amma shekarar rasuwarta ce aka daskarar, an cigaba da bugawa da wannan shekarar a Viyana da Landan da Bombay da wasu biranen har daruruwan miliyoyi. In makeri ya like mata kunne don a rataya, ko an cire kunnen gurbin yana nan, lamba ta haramta, saura kudin azurfa, giram 28 ce kuma kashi 83 cikin dari azurfa.

Wani ya taba turo min hoton kwabbai guda shida yana tambayar nawa zasu yi, sai walkiya suke kamar sabon kwano, yace ai saida ya zauna ya goge su da toka da lemon tsami kafin ya dauki hoto don suyi kyau. Wallahi rasa abinda zan ce masa nayi. Wancan shekin mai zagayawa a siraran layukan saman fata yake, toka tana share su a minti daya kuma basa dawowa har abada, abinda ya rage kyalli ne na tukunya wanda mai duba yake ganewa tun daga nesa. Ko ruwan sinadarin da dilolin Amurka suke tsoma kwandala a ciki don tayi haske, dakika kadan ne, in aka maimaita sau biyu uku kwandalar sai ta mutu tayi fari fat ba rai. Dattin da yake ganin ya cire shine shaidar da mai saye yake nema. A yanayinmu kuma laimar damina da hayakin turaren wuta da robar daure kudi duk abokan gaba ne, robar nan kibiritu gare ta, zata zana bakin layi a kan azurfa cikin yan watanni. A rike ta ta gefe, a rufe baki in ana kallo, a saka ta inda yake a bushe da dan kullin nan mai shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Shi dai mai kwabbai shida nace masa ya duba ko akwai sauran da bai kai ga gogewa ba, yace akwai guda biyu da suka yi baki sosai ya barsu sai ya sayo wani lemon.